Ƙofar gida ko tashar mota? Maganar ajiye motoci a unguwannin bakin kasuwa

Duk wanda gidansa ke cikin layukan da suka kewaye babbar kasuwar Maraɗi ya san jajibirin kasuwa ba daren barci ba ne. Kasuwa tana ci Litinin da Juma'a, saboda haka tun Lahadi da Alhamis bayan isha'i motoci ke fara kwararowa. Ga kamiyo mai ɗauke da buhunan masara, ga tirela mai siminti, ga ƙananan motocin ƙauye an ɗaure masu awaki da kaji bisa rufi. Kowane direba wurin da ya fi kusa da shagon mai kaya yake nema, kuma sau da yawa wurin nan ƙofar gidan wani bawan Allah ne. Kafin gari ya waye an ƙara da adaidaita da kabu-kabu da amalanken jakai da kurar ƴan dako, har mai gida ya fito sallar asuba ya rasa ta inda zai bi zuwa masallaci.

Haka mutanen da ke maƙwabtaka da kasuwar Dole a Damagaram ke fama, haka na kewayen Katako da Wadata a Yamai, haka na Tawa da Birnin Ƙonni. Duk ranar da muka buɗe layin waya a gidan rediyo bisa wannan magana, lokacin shirin ba ya isarmu. Mazauna unguwa su kira su ce a kori motocin baki ɗaya. Ƴan kasuwa su kira su ce in aka kori mota an kori abinci. Direbobi kuma, waɗanda ba kasafai ake tambayarsu ba, su ce a nuna masu wurin da za su kwana, su ma ba daɗin ƙofar gidan mutane suke ji ba.

Ba daga nesa muke kallon abin ba. Wata damana da ta wuce, a layin da muke haya, naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu wajen ƙarfe biyu na dare. Akwai mota cikin gidan, akwai mai tuƙa ta, amma wata babbar mota ta toshe ƙofar gareji tsaf. Direba ya tafi kwana wata unguwa da makulli a aljihu, yaron motar da muka tayar daga ƙarƙashinta bai iya ko tada inji ba. A ƙarshe bisa babur aka kai baiwar Allah asibiti, ƙanwar mijinta na riƙe da ita ta baya, cikin taɓo. Allah ya sa ta sauka lafiya. Da safe da direban ya zo ya ji labari, ya yi ta ba da haƙuri har ya ba mu tausayi, don shi ma wani ɗan kamasho ne ya nuna masa wurin ya ce nan kowa ke ajiyewa.

Abin da mota ke bari a ƙofar gida

Faɗin babbar mota ya kai mita biyu da rabi, tsawon tirela kuma ya haura mita 15. In biyu suka tsaya hannu da hannu cikin layin unguwa, abin da ya rage sai babur. Motar asibiti ba ta wucewa, motar kashe gobara ba ta wucewa. Ƴan kasuwa ba su buƙatar a yi masu bayanin gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai a 1987 aka sake buɗe ta. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Wuta a kasuwa yawanci cikin dare take tashi, daidai lokacin da hanyoyin shiga suka cika da motocin da masu su ke barci wani wuri. Mai shagon da ya yarda motar kayansa ta kwana a bakin hanya ya sani cewa hanyar da za a bi a ceci shagonsa ce ya rufe.

Motocin mai sun fi kowace ban tsoro. A watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife da dare kusa da filin jirgin saman Yamai, jama'a suka taru ɗibar man da ke zuba, wuta ta tashi. Mutum sama da 50 suka rasu nan take, adadin ya ƙaru daga baya cikin waɗanda aka kai asibiti. Duk da haka ba abin mamaki ba ne a ga tanka ta kwana cikin unguwa, tazararta da murhun mai tuyar ƙosai bai wuce taku goma ba.

Sai ƙananan ɓarnar da ba ta zuwa rediyo amma tana cin aljihu. Murfin magudanar ruwa ba a zuba shi don ya ɗauki tan 30 ba. In taya ta hau shi ya karye, ya faɗa ciki, shara ta taru, ruwan sama ya rasa hanya ya nufi zaure. Mutanen Maraɗi sun ga abin da ruwa ya yi a ƙarshen watan Agusta na 2024, kuma ba wanda ke son a ƙara toshe masa ko da taƙi ɗaya na magudana. Katangar ƙasa tana tsagewa da girgizar inji. Direba ya tada mota tun asuba ya bar ta tana ɗumi, hayaƙin ya cika ɗakin tsohuwa mai tari. Baƙin mai ya zuba inda yara ke wasa. Yaran kuwa, ƙarƙashin mota inuwa ce a wurinsu, kuma direban da ke ja da baya ba ya ganin ɗan shekara uku.

To, a kore su mana?

Nan ne muke roƙon masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, mu yi lissafi tare kafin mu ɗaga murya. Mu ɗauka mota ta kawo tan 30 na shinkafa cikin buhu mai kilo 50. Buhu 600 ke nan. Yau tana tsayawa kusa da shago, ƴan dako su sauke da ka. Gobe in aka ce kada ta shigo gari ko kaɗan, sai an sauke a bayan gari, a loda wa adaidaita ko amalanke, a sake saukewa a kasuwa. Ko da dala ashirin kacal aka ƙara bisa kowane buhu, jika 60 ke nan a mota guda. Babban ɗan kasuwa ba zai biya daga aljihunsa ba. Zai ɗora wa mai sari, mai sari ya ɗora wa mai awo da tiya, ita kuma ta tsaya gaban mai saye tana shan baƙar magana a kan tsadar da ba ita ta jawo ba. Mai tumatir da mai kifi nasu ya fi muni, don kayansu ba ya jiran a yi masa sauke biyu cikin rana.

Sannan akwai waɗanda motocin nan su ne kasuwarsu. Mai tuwon dare, mai shinkafa da wake, mai fura, mai shayi da burodi, mai facin taya, yaran da ke sayar da ruwa. Da yawansu matan unguwar ne, wasu zawarawa masu riƙe da marayu, kuma tukunyarsu tana ƙarewa ne saboda direbobi da yaran mota. Ranar da layin ya zama fayau babu mota, ranar ce za su juye tuwo su ba almajirai.

Wani abin dariya da muka lura da shi: sau da yawa mai kukan da mai cin riba mutum ɗaya ne. Alhaji ya ba da hayar zaurensa an mayar da shi ma'ajiyar buhuna, yana karɓar kuɗi duk wata, sannan ya kira rediyo yana faɗa wai motoci sun hana shi barci. In aka tambaye shi motar wa ce, sai ya ce layin ba ya ji da kyau.

Gaskiyar ita ce garin ya fi ƙarfin tsarin da aka yi masa. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi a bakin gulbi, aka hau tudu aka yanka sabbin layuka. A wancan zamani gyaɗa ce babban kaya, raƙuma da jakai ke kawo yawancinta, motocin da ake da su ƴan kaɗan ne kuma ƙanana. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum dubu 267 da ɗoriya, kuma kowa na ganin yadda ya ƙara faɗi tun daga nan. Kasuwa ta cika ta tumbatsa cikin unguwanni, gidajen zama suka koma shaguna, amma layin da aka yanka wa jaki yana nan yadda yake. Ga hanyar Ɗan Isa da Jibiya tana zubo kaya daga Katsina da Kano, ga babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan teku suka koma biyowa ta Lome da Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji, motoci kan iso da yawa a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ƙara matsi a duk inda ake sauke kaya.

Titi na wa ne?

Akwai kuskuren da mu duka muke yi. Mai gida yana ganin ƙofar gidansa har tsakiyar titi mallakarsa ce, shi ya sa yake jera duwatsu da tsofaffin tayoyi da benci. Mai shago yana ganin gaban shagonsa nasa ne, ya baza katifu da bokitai har bisa kwalta. Direba yana ganin tunda ya biya kuɗin hanya ko'ina ya samu nasa ne. A doka kuwa titi na jama'a ne, kuma hukumar gari ke da ikon tsara inda za a tsaya da inda ba za a tsaya ba. Da magajin gari da ƴan majalisarsa ke riƙe da wannan iko. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi a madadinsu. Ma'anar wannan gare mu ita ce, kansilan da ɗan kasuwa ya saba tarewa a wurin biki ya faɗa masa damuwarsa ya bar kujera, sai a bi ta mai unguwa da sarkin kasuwa da shugabannin sandika, ko a rubuta takarda a kai da hannu.

Mun kuma ga yadda gyaran gari ke zuwa idan ya zo da gaggawa. A 2016 aka rushe rumfuna da ƙananan shaguna masu yawa a bakin titunan Yamai, ana shirin taron ƙungiyar Tarayyar Afirka da aka yi a 2019. Tituna sun buɗe, ba mu musa ba. Amma waɗanda aka tasa da yawa ba su san inda za su dosa ba, wasu jarinsu ya tafi ke nan. Bukukuwan 18 ga Disamba ma sun kawo kwalta da fitilu: Maraɗi Kwalliya a 2015, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. Sai dai duk motar da aka hana tsayawa bisa sabon titi ba ɓacewa take ba. Layin baya take komawa, inda babu ɗan sanda, inda talaka ke zaune. Hani irin wannan ƙaura kawai yake yi wa matsala, daga ƙofar mai hali zuwa ƙofar marar hali.

Yadda wasu suka yi

Ba mu cika son kawo misalin Turai ba, don abin da ya yi wa Bature daidai ba lalle ya yi mana ba. Amma a wannan fanni sun daɗe suna rigima irin tamu, kuma akwai dabara biyu ko uku da ba su buƙatar kuɗi.

A dokar hanya ta Faransa akwai tsarin da magajin gari zai iya sawa a layi: daga 1 zuwa 15 ga wata a ajiye mota a hannu ɗaya, daga 16 zuwa ƙarshen wata a koma ɗaya hannun. Kullum rabin hanya a buɗe yake, kuma ba gidan da zai ce shi kaɗai aka ɗora wa nauyi. A birnin Paris kuma an ware wuraren sauke kaya da fenti a bakin titi. Mai sauke kaya yana da minti 30, ya gama ya ba wani wuri. Wasu daga cikin wuraren, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 7 na safe, kowa na iya ajiye motarsa. Wuri ɗaya ne, da rana na ɗan kasuwa, da dare na mai gida.

Sun kuma bambanta ɗan unguwa da baƙo. A 2024 ɗan unguwa mai kati yana biyan Yuro ɗaya da rabi a yini, kusan jika guda ke nan, alhali baƙo a tsakiyar birnin yana biyan Yuro 6, kusan jika 4, a awa ɗaya tak. A watan Fabrairu na shekarar aka kira mutanen birnin ƙuri'a kan a ninka wa manyan motocin shiga masu nauyi kuɗin sau uku. Waɗanda suka ce i suka yi rinjaye da kashi 54 da ɗoriya cikin ɗari, daga watan Oktoba baƙo mai irin wannan mota ya koma biyan Yuro 18 a awa, kusan jika 12. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, cikin kowane mutum ɗari mai rajista ko shida ba su fita zaɓen ba. Sauran suna gida aka yanke masu hukunci, daga baya suka zo suna ƙorafi.

Na'urar biyan kuɗi da kati mai lamba ba namu ba ne tukuna, tunda layukanmu da yawa ko suna ba su da shi balle lambar gida. Abin ɗauka shi ne rabon lokaci da rabon hannu, da kuma raba sauke kaya da kwana.

Abin da za a iya nema

A ganinmu nan ne bakin zaren. Yawancin faɗan da ake yi ba a kan sauke kaya ba ne. Motar da ta zo bayan asuba ta sauke ta tafi kafin yara su fito makaranta ba ta dami kowa ba. Wadda ke damun mutane ita ce wadda ta sauke tun Litinin, tana jiran lodin komawa har Alhamis, an shanya wanki bisa madubinta, ana gyaran inji a ƙofar gidan liman. Saboda haka a ba manyan motoci awannin shiga sanannu, misali bayan sallar asuba zuwa ƙarfe 7, sannan da rana tsaka lokacin da layi ya yi sauƙi, a hana su lokacin fitar ƴan makaranta da dawowarsu. Kwana kuwa a bayan gari. Tankar mai kada ta shiga layin zama ko da rana ko da dare, wannan bai kamata a yi ciniki a kansa ba. Kowane layi hannu ɗaya kawai, ana juyawa, kuma a bar kusurwa da ƙofar makaranta da ta asibiti da ta gareji.

Amma kada a kafa allon hani ko ɗaya sai an nuna wurin kwana. Direban da ke ɗauke da kayan miliyoyi ba zai kwana a fili mai duhu ba, ya gwammace ya biya tara. Filin yana son katanga ko aƙalla mai gadi, da fitila, da fanfo, da makewayi, da wurin salla. Kuma tun ranar farko a ware rumfuna a ciki, a fara ba matan da ke dafa wa direbobi abinci a tsohon layi, kafin masu hannu da shuni su rigaye su. In ƙungiyoyin mata ba su faɗi wannan da bakinsu ba, babu wanda zai tuna da shi a ofis.

Maganar kuɗi ma a yi ta a fili. Duk dalar da aka karɓa, ta ajiye mota ce ko ta tara, a ba da tikiti mai hatimi, a rubuta farashin bisa allo da boko da ajami, da zanen mota don wanda bai yi karatu ba. Dokar da ba a san farashinta ba ita ce ke zama gonar wasu, kowa ya sani, ba sai mun tsawaita ba. Kuma a sa ido kada allon ya tsaya a ƙofar manya kawai.

A fara da gwaji na wata uku a layi biyu ko uku, a sake zama a duba. Abin da ya yi daidai a bazara ba zai yi a kaka ba, lokacin da wake da gero ke shigowa, haka goman ƙarshe na azumi da makon babbar salla suna son sassauci na musamman, in ba haka ba dokar za ta karye a satin farko kowa ya raina ta.

Kafin a je wurin hukuma, a je da abu a hannu. A kowane layi a samu mutum biyu, ɗaya daga masu gida ɗaya daga masu shago, su ɗauki littafi su rubuta na mako biyu: mota nawa ta tsaya, ƙarfe nawa ta zo, ƙarfe nawa ta tafi, kayan wa ta kawo, nawa suka kwana. A rubuta sunayen matan da ke sayar da abinci a wurin da abin da kowacce ke dafawa. A kai wa mai unguwa, a kira sarkin kasuwa da wakilin direbobi, a zauna a zaurensa ranar da ba ta kasuwa ba, Laraba ta fi, bayan la'asar. A layinmu mun riga mun sayi littafin, maƙwabcin nan da matarsa ta haihu shi ke riƙe da shi.